Turaren da ya koma ruwan ɗorawa

Jiya na miƙa makullin ɗakin haɗi, bayan shekara uku da 'yan watanni. Duk wanda ya yi sana'ar turare a Kano ya san yadda goman ƙarshe na azumi take, oda kan oda, kowa so yake kayansa su fita kafin Sallah. A irin wannan lokacin abin ya same ni, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Oga ne ya ce in haɗa turaren fure mai sanyi, wanda za a fesa da zafin nan, ba mai nauyi irin su oud ba. Na ɗora shi kan sinadarin hydroxycitronellal, shi ke ba da ƙamshin farin furen nan da Faransawa ke kira muguet, furen da ba a iya tatsar mai a jikinsa sai dai a kwaikwaye shi da sinadari, turaren Diorissimo na kamfanin Dior na 1956 ma haka aka yi shi. Na zuba sinadarin Hedione sosai don ƙamshin ya buɗe, sannan na ɗiga methyl anthranilate saboda ɗan ƙamshin furen lemo. A takardar gwaji wallahi ya yi, kamar ka shiga lambu da asuba bayan yayyafi.

Na ce ranka ya daɗe a bar shi ya kwanta ko sati biyu ne mu ga yadda zai zauna, ya ce ina lokacin yake, a ɗura kawai. Muka ɗura aka kai shago.

Abin da ban sani ba a lokacin, hydroxycitronellal da methyl anthranilate in suka haɗu a hankali suke cin juna su zama wani abu daban, rawaya mai kauri, har ma sayar da shi ake da sunan Aurantiol. Turaren ya dinga rinewa a kwalba ba wanda ya lura. Washegarin Sallah wani alhaji ya shigo da farar shaddarsa a leda, ya baje ta kan kanta, gaban rigar duk ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa daidai wajen aikin wuya. Ko faɗa bai yi ba, hakan ma ya fi yi min ciwo.

A gaban yaran shago oga ya ce ban san aiki ba, ya yanke min rabin albashi wata biyu. Laifin haɗin nawa ne ban musa ba, amma ko sau ɗaya bai ambaci cewa na roƙa a jira ba, kuma wannan ne na kasa haɗiyewa.

Sauran abubuwan na koye su ba da kuka ba. Sinadarin cis-3-hexenol a sirka shi kafin a taɓa, ɗigo ɗaya ya wuce sai komai ya koma warin ɗanyar ciyawa. Kayan da ake kawowa daga Dubai a tambayi ko da sinadarin Lilial a ciki, tunda Tarayyar Turai ta haramta shi tun Maris 2022. Kowane giram a rubuta.

Littafin da nake rubutun nawa ne, da kuɗina na saya, da shi na fito. Yanzu haka akwai ƙyallen farar shadda guda huɗu rataye a tagar ɗakina, kowanne da kwanan watan da na fesa masa haɗina, na farkon yau kwanansa 16 kuma fari ne tas.