Mai biyana albashi ce ke duba aikina, kuma a nan na yi asarar wata biyar

Har yau idan na tuna ranar da na sa hannu a takardar aikin nan, raina yakan ɓaci. Na gama shekara biyar ta karatun halayyar ɗan Adam a Melbourne, na samu rajistar wucin gadi daga hukumar masana halayyar ɗan Adam ta hannun AHPRA, mai kula da rajistar ma'aikatan lafiya, saura shekara guda ta horo a hannun mai duba aiki, tsarin da ake kira 5+1 a Ostireliya. Kuɗin haya ya tsaya mini a wuya. Sai ga wani kilinik ya ce zai ɗauke ni, kuma mai wurin da kanta za ta duba aikina kyauta. Kalmar kyautar nan ce ta rufe mini ido, domin abokan karatuna da yawa daga aljihunsu suke biyan kowace awa.

A 2023 da na fara, hukumar na buƙatar awa 1,400 na aiki, 560 daga ciki ido da ido da masu zuwa neman taimako, sannan awa 80 na zama da mai duba aiki, wato kusan awa ɗaya a kan kowace awa 17 ta aiki. Lissafin nan na haddace shi tsaf. Abin da ban tambaya ba shi ne: wace ce za ta zauna da ni, kuma wace hula za ta sa idan mun zauna, ta mai biyan albashi ko ta mai koyarwa?

Ranar Talata da ƙarfe ɗaya ne zamanmu. Takan shigo da waya a hannu, ta buɗe kwamfuta, ta fara da mutum nawa suka fasa zuwa a makon, da dalilin da ya sa jadawalina bai cika ba. Kafin mu kai ga maganar yaran da nake gani, rabin awa ya tafi. Wani makon ma a ɗage zaman. Akwai wani yaro da na yi zama shida da shi, ba ya ɗaga kai daga motar wasan da yake turawa a kan kafet, mahaifiyarsa na kallona tana jiran bayani. Na so in ce wa mai duba aikina ban san inda zan dosa ba. Na kasa. Ta yaya zan faɗa wa mai biyana albashi cewa aikin ya fi ƙarfina? Na haɗiye, kuma yaron ne ya cutu da shiruna. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Ga kuma wata matsalar. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati, ba ta mayar wa mutane kuɗin ganin mai rajistar wucin gadi, don haka kusan duk waɗanda aka turo mini yara ne da NDIS, tsarin gwamnati na tallafa wa masu buƙata ta musamman, ke biya wa. Hukumar kuwa tana son ka nuna ƙwarewa da yara da manya. Wata biyar ban ga babba ko ɗaya ba, kayan WAIS, gwajin basirar manya, ma babu su a wurin.

Da na yanke shawarar tafiya, sai aka nuna mini wani sakin layi a takardar da na sa wa hannu: duk wanda ya tafi kafin wa'adi zai biya kuɗin zaman da aka yi da shi. Ashe kyautar bashi ce. Na biya, da taimakon yayata.

Karo na biyu, da nake neman wani wurin aiki, ban yi gaggawa ba. Na duba rajistar hukumar na tabbatar an amince wa mutumin ya duba aiki. Na nemi wadda ta yi horo a wurin kafin ni, muka sha shayi, na tambaye ta sau nawa aka ɗage mata zama. Na karanta takardar aiki layi-layi. Sannan na nace cewa babban mai duba aikina ya zama na waje, wanda ba ruwansa da albashina, ko da zan biya shi da kaina. Kuma ina biya, yana taɓa aljihu sosai.

A zamanmu na farko na ba shi labarin yaron nan mai mota, ba tare da suna ba. Ya ajiye alƙalaminsa ya ce, "To, faɗa mini daidai inda kika kakare." Muka cinye awar gaba ɗaya a kansa.