Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ɗakin Majo

Makon jiya mun tsaya inda na garƙame shagon ɗinki ana gab da Sallah, shaddojin mutane jibge kan teburi. Duk wanda ya san Kasuwar Dole a goman ƙarshe na azumi ya san tela ba ya rufe shago a lokacin. Ni kuwa ko zare na kasa zurawa a allura. Tun kafin assalatu barci yake guduna, tuwon Inna kamar ƙasa a bakina. 'Yan fadarmu suka ce girman kai ne. Inna ta ce sammu ne, aka yi ta ɗura mini rubutu.

Yaya ce ta gaji, ta tare kabu-kabu sai babban asibiti. Da na ga sashen da muka nufa na ja tunga.

"Yaya, yanzu ni mahaukaci ne?"

"Kai dai shiga."

Ma'aikacin jinya muka tarar, wanda kowa ke kira Majo. A Nijar likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne, yawancinsu a Yamai, don haka irin su Majo ne ke riƙe da mu a nan Damagaram. Bai taɓa biro ba sai da ya gama jin bakina. Yaushe rabona da jin daɗin ɗinki? Abin ya wuce mako 2, kusan kullum? Sai ya sa Yaya ta fita, ya dube ni.

"Malam, ka taɓa jin gara ka mutu ka huta?"

Duk gidanmu ba wanda ya iya yi mini wannan tambaya. Na ce e, na fashe da kuka, shi kuwa ko gezau, ya bar ni na gama.

Ya ce ciwon damuwa ne, ba raunin imani ba, kuma yana da magani. (Daga baya na ji Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta masu shi miliyan 280 a duniya.) Aka rubuta mini amitriptyline, a sha da dare. Ya gargaɗe ni zai busar da baki, zai sa kasala, kuma ba zan ga amfaninsa ba sai bayan mako 2 zuwa 4. Nan ne, in ji shi, mutane ke watsar da shi. Ko na warke, sai na ƙara aƙalla wata 6. Ƙwayoyin kuwa Yaya ya damƙa wa, ta riƙa ba ni na kowane dare, saboda amsar da na ba shi.

Bai hana Inna addu'arta ba, abin da ya sa ta yarda da shi ke nan. Ni kuma ya ɗora mini aiki: kullum in kafe bakin wando ɗaya, in zauna a fada a sha shayi da ni ko ban ce uffan ba, ranar dawowa in ba shi labari.

Wandon farko ya karkace. Ina cikin farke shi mai shaddar ya yi sallama. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa.