Fitilar da ta ɓata mini fijo biyu

Ƙannena masu ƙera motar gwangwani, jiki da taya ba su taɓa ba ni wuya ba. Fitilar gaba ce ta ba ni kunya, har sau biyu, a kan fijo 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda muka tashi muna gani tana jigilar Jibiya da Daura.

Ta farko, a zatona yawan haske shi ne gwaninta. Na ɓalle ƙwayayen LED daga wata tsohuwar tocila, na jona su kai tsaye da batir mai bolt 9. Suka yi wal sau ɗaya, sai ƙauri. Na kwashi gawarwakin na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a wajen Ƙofar Ƙaura. Ya juya su a tafin hannu, ya ce, "Yaro, jariri ka ɗura wa tuwon ƙato." Farin LED bolt 3 da ɗan ɗoriya yake ci, don haka batir mai 9 sai da rizista, ɗan abin da ke rage ƙarfin wuta, a tsakani, mai om 330 ga kowane ƙwai. Doguwar ƙafar ƙwan ita ce ta fulos. In ka juya ta, ba zai kama ba. Na ce, "Baba, in ina son hasken ya ƙaru fa?" Ya ce in nemi tocila, ba mota ba. Gaskiyarsa. Yau om 1,000 nake sawa, kuma ƙwai mai ɗan ja-ja nake zaɓa, don fitilar fijo ba ta taɓa yin wannan shuɗi-shuɗin na tocilar zamani ba.

Sai batun girma. Fijon gaske ta kai mita 4.5 a tsawo, in ka raba tsawon gida 24 za ta dawo wajen santimita 19. A wannan awon, ƙwai mai milimita 5 daidai yake da ƙwan santimita 12 a motar gaske. Shi ya sa tawa ta fito da idanu zuru-zuru kamar kwaɗo. Ka nemi mai milimita 3, ka goge kansa da sanfefa ya dushe, ka tura shi can ciki.

Ta biyu ce har yanzu take min ciwo. Na yi mata komai. Na lanƙwasa takardar azurfa a kan gindin biro ta zama ɗan kwano, na huda tsakiya ƙwan ya leƙo. Gilashi kuwa, robar fakitin ƙwayar magani na yanka da reza, na zazzana mata layuka a ciki da allura, sirara, kusa da kusa, yadda gilashin fitilar da yake. Ko ba a kunna ba, in rana ta haska ta sai ka rantse ta gaske ce. Zumuɗi ya ɗebe ni na ɗiga sufa-gulu. Da gari ya waye, gilasan biyu sun yi fari fat kamar idon da yana ta rufe. Tururin gam ɗin ne ke kwanciya a jikin roba, kuma a ciki ya kwanta inda hannu ba ya kaiwa. Farin gam na kafintoci ya kamata in sa, a bakin tsinke. Yana jan lokaci, amma in ya bushe garau yake.

Abu ɗaya kuma, kada ka rufe bonet sai ka shafe bayan kwanon da baƙin fenti. Ka jira dare, ko a ɗauke wuta, ka kunna, ka juya motar ta kowane ɓangare. Ni da na gwada tawa a zauren gidanmu, ta ƙasan taya da ramin sitiyari hasken yake fita, yara suka sa mata suna aci-balbal.