Ƙasar da ta sha mai, mu kwalta muke kai ta

Sana'ata tono da jigila. Ina da ƙaramar katafila da tifa biyu a Worcester, jihar Massachusetts, inda mu 'yan Ghana muke da yawa. Tsofaffin tankunan mai da aka binne muke tonowa, mu kwashe ƙasar da ta jiƙe da yoyonsu.

Tankunan nan ba su ƙirguwa. Gidaje da yawa a wannan yanki da wani mai dangin dizal suke ɗumama ɗaki lokacin sanyi, tankin ƙarfe kuwa in ya daɗe a ƙasa tsatsa sai ta huda shi. A 1988 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta ba gidajen mai wa'adin shekara 10, zuwa 22 ga Disamba 1998, su gyara tankunansu ko su cire. Manya sun kwashe wancan aiki. Mu ƙanana namu na gidajen kwana ne da gareji-gareji.

Ba a taɓa tanki sai da takardar 'yan kwana-kwana. Da ya fito, hanci ke fara ba da labari: ƙasar ta koma toka-toka, tana maiƙo, warin yana kama riga. Amma hanci ba hujja ba ne. Akwai masani mai lasisin jiha da ke tsaye bakin rami. Yakan zuba ƙasa rabin kwalba, ya rufe bakin da takardar alminiyam, ya girgiza, ya ɗan jira, sannan ya soka bakin na'urar auna tururi. In ta kai 100 cikin miliyan, awa 72 ke gare mu a sanar da hukumar muhalli ta jiha.

Daga nan sai rarrabewa, kuma a nan ake gane mai katafila na gaske. Mai kyau gefe guda, mai mai a kan leda mai kauri, a lulluɓe ta. Da nauyi ake biya, tan-tan. In direba ya yi ganganci ya haɗa su, ko ya bari ruwan sama ya jiƙa tarin, mai gida ne zai biya kuɗin ruwa da na lafiyayyar ƙasa. Wannan yana ci mini rai, domin galibi tsofaffi ne masu cin fansho.

Kwalta kanta guggubin ɗanyen mai ce, abin da ya rage a matata bayan an tace fetur da kananzir da dizal. Shi ya sa take karɓar irin wannan ƙasa. Wasu masana'antun kwalta suna gasa ta tare da tsakuwa, haɗin ya fito da zafin wajen digiri 150 a ma'aunin Celsius. Wasu kuma a sanyi suke yi: a tankaɗe duwatsu da itace, a cuɗa ƙasar da kwaltar da aka dama da ruwa, a bar ta kwanaki ta kama. Kowace ƙwayar yashi ta samu rigar kwalta, man ya maƙale ciki. Akasari shimfiɗar ƙasa ake yi da ita, a filin ajiye motoci ko ƙaramin titi, a ɗora sabuwa a sama. Yashi da tsakuwa suke so. Yumɓu dunƙulewa yake yi, ba sa maraba da shi.

Ba kuma kowace ƙazanta suke karɓa ba. Sai sakamakon ɗakin gwaji ya nuna babu dalma fiye da kima, babu gubar PCB, babu sinadarin wanke ƙarfe. Wani ɗan'uwanmu mai gareji, da ƙasarsa ta sha baƙin man inji, ya taɓa ce mini, "Alhaji, ka ɗan gauraya ta da yashi mana, wa zai sani?" Na ce, "Yaya, ruwan rijiya zai sani." Akwai ƙauyuka kewaye da mu da ruwan ƙarƙashin ƙasa suke sha. Ƙasar tasa wani wuri dabam aka kai ta, da tsada, da takarda mai sa hannu tun daga bakin rami har sikeli.

Wahalarmu hunturu. Masu gasa kwalta kan rufe da sanyi ya kama, sai wajen Afrilu, doka kuwa kwana 120 ta ba tarin ya zauna a fili. Don haka duk wanda ya kira ni a Nuwamba, kafin katafila ta motsa sai na tabbatar akwai masana'antar da za ta karɓi ƙasar.