Tsakanin "arrive in" da "arrive at"

Ina duba rubutun ɗalibaina na Turanci, sai na ga da yawansu sun rubuta "we arrived to the airport". Abin ya tsaya mini a rai, don yaran nan suna da ƙoƙari, amma ɗan wannan abu yana cinye musu maki.

In ana maganar isa wani wuri, "arrive" ba ta tafiya da "to". Gari ko ƙasa "in" ake sa musu: "arrive in London", "arrive in Egypt". In kuwa takamaiman wuri ne, irin tasha, makaranta ko filin jirgi, sai a ce "arrive at the station". A ganina "go to" da "come to" ne suke ruɗa su, tunda kunne ya riga ya saba da su.

Ita "reach" ba ta son ɗan rakiya sam: "we reached London". "Get" kuwa sai da "to": "we got to London". Amma in "home", "here" ko "there" ne ke biye, ba a sa komai a tsakani, "arrive home" ko "get there" kawai za a ce.