Balin, ranar Laraba: aji da safe, filin ƙwallo da yamma

Wai sanyin garin nan ba a magana, ƙarfe tara muna aji hannuna bai gama saki ba. Yau kan buguwar ƙwaƙwalwa a wasanni aka tsaya, kuma malamar da ke jagorantar mu ta ce a nan Balin, babban birnin Jamus, aka yi babban taron masana karo na biyar kan lamarin a 2016, na shida kuma a Amsterdam a 2022.

Bidiyon ɗan wasan Jamus Christoph Kramer ta fara saka mana, wasan ƙarshe na Kofin Duniya 2014, Jamus da Ajantina. Kafaɗar Garay na Ajantina ta same shi a kai ya zube, aka ɗan duba shi ya koma fili ya ci gaba da wasa kusan minti 14, har ya je yana tambayar alƙalin wasa Rizzoli wai shin wannan ne wasan ƙarshe? Aji aka kwashe da dariya, ni dai jikina ne ya yi sanyi. Bai suma ba fa, kuma yawancin masu irin wannan buguwar ba sa suma, hoton asibiti ma sau da yawa lafiya lau zai nuna, sai dai ciwon kai, jiri, amai, haske ya riƙa damun ido, mantuwa.

Daga nan aka haɗa mu biyu-biyu muka yi wa juna irin gwajin da ake yi wa ɗan wasan da ya bugu a kai. A wane fili muke, wa ya ci ƙwallon ƙarshe, faɗi watanni daga Disamba ka yi baya, sannan tsayuwa da ƙafa ɗaya ido a rufe hannu a ƙugu daƙiƙa 20. Abokin gwajina, ƙato ɗan wasan zari-ruga da ba abin da ya same shi, sai tangaɗi yake yana kama kujera.

Da shi ɗin muka yi musu a jirgin ƙasa. Wai in ɗan wasa ya ce shi garau yake a ƙyale shi, ai jikinsa ne. Na ce malam, wanda bai san wasan da yake bugawa ba shi za ka tambaya ko lafiyarsa ƙalau? Kan da zai yanke hukuncin ai shi ne ya bugu. Gara da aka tabbatar da dokar ƙwallon ƙafa ta ƙarin canjin ɗan wasa saboda buguwar kai a 2024, koci ba shi da sauran uzuri sosai. Bai yarda ba, nima ban saki ba.

Ƙofar Brandenburg mun tsaya hoto kawai, cunkoso ya yi yawa. Filin Olamfik ne ya tafi da ni, ginin dutse tun 1936, inda Jesse Owens, baƙar fata ɗan tseren Amurka, ya kwashe zinare 4 a gasar da Hitler ya shirya don nuna isa, yanzu har titi aka sa wa sunansa a gefen filin. Nan kuma Zidane ya kai wa Materazzi karo a ƙirji a 2006, wata a cikinmu ta ce to shi wa ya duba kansa lol.

Na ci döna, gasasshen nama cikin burodi, a shagon Turkawa, na rama sallolina a masauki. Gobe ƙarfe takwas za mu duba matakan komawa wasa bayan hutun awa 24 zuwa 48 na farko, kuma ni aka ba gabatarwa, ko layi ɗaya ban rubuta ba tukuna.