Aiki a Masaukin Matafiya a Birnin Kigali

Na tafi Ruwanda ne da takardar ɗaukar aiki daga wani ƙaramin masaukin matafiya da ke Kigali, irin masaukin da mutum shida ko takwas ke kwana a ɗaki ɗaya kan gadaje masu hawa biyu, kowa da akwatin ƙarfensa na ajiye kaya. Shiga ƙasar ba ta da wuya ga ɗan Afirka, domin a filin jirgi ake buga masa biza, amma izinin shiga daban, izinin aiki daban, kuma sai da manajar masaukin ta kammala takarduna a hukumar shige da fice kafin na tsaya bayan teburin karɓar baƙi. Ina ba wannan muhimmanci ne saboda na haɗu da matasa da suka yarda su yi aiki a bakin gado da abinci ba tare da yarjejeniya a rubuce ba, ranar da saɓani ya taso kuwa ba su da inda za su kai kuka.

Tun daga filin jirgi aka duba jakata ko da leda a ciki, domin an hana amfani da ita tun 2008. Birnin kansa a kan tuddai yake, duk inda ka nufa ko dai hawa ko gangara, kuma kowane ɗan acaɓa yana rataye da hular kwano ta biyu saboda fasinja.

Aikin ba yawon buɗe ido ba ne. Da hantsi, bayan masu tafiya sun miƙa makullai, sai mu cire zannuwan gado da rigunan filo, mu wanke banɗakuna, mu kwashe abin da aka bari a firijin kicin ɗin da kowa ke girki a cikinsa. Mai zaman tebur kuma dole ya riƙa daidaita littafin masauki da abin da ke shigowa ta Booking.com, shafin intanet da matafiya ke kama masauki ta cikinsa, don kada a sayar da gado ɗaya ga mutum biyu. Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne kwana a inda nake aiki. Ɗakin ma'aikata yana bayan kicin, baƙo kuwa bai san lokacin tashinka daga aiki ba. Da tsakar dare zai ƙwanƙwasa ƙofa saboda makullinsa ya ɓace ko ruwan zafi ya ɗauke, kuma haƙƙinsa ne a saurare shi.

Duk da haka, ta tambayoyin baƙin na san garin. Wanda zai je ganin goggon biri a tsaunukan Musanze, inda izinin shiga ya kai dala 1,500, sai an tashe shi tun kafin asuba. Yawancin baƙinmu ba su da wannan ƙarfi, su nasu shi ne a nuna musu hanyar tashar Nyabugogo su hau motar Rubavu da ke bakin tafkin Kivu, ko ta Kampala. Asabar ta ƙarshen kowane wata ranar Umuganda ce, da safe ana rufe shaguna, ababen hawa su tsaya, jama'a su fita aikin gayya, saboda haka tun daren Juma'a muke bin ɗaki ɗaki muna sanar da mai niyyar tafiya. Ranar Juma'a ni kuma nakan nemi a musanya mini lokaci in je masallaci a Nyamirambo, unguwar da Musulmi suka fi yawa.

Darasin da ya fi girma abokan aikina 'yan ƙasar ne suka koya mini shi. Kusan kowane baƙo yakan ziyarci wurin tunawa da kisan ƙare dangi na 1994 da ke Gisozi, inda aka binne mutum fiye da 250,000. Sukan fita suna hira, su dawo jikinsu a sanyaye. Wata abokiyar aikina da ta girme ni ta ja ni gefe ta ce, "Ƙanena, idan sun dawo daga can kada ka tambaye su yaya yawo, ka ba su ruwa ka bar su." Haka kuma ba a tambayar kowa ƙabilarsa, kuma idan baƙo ya fara irin wannan tambaya ga masu shara ko mai gadi, aikina ne in janye shi cikin ladabi in yi masa bayani. Daga 7 ga Afrilu, lokacin da makon makoki ke farawa, muna kashe kiɗan falo baki ɗaya, mu liƙa sanarwa a ƙofa, kuma ni da sauran baƙin ma'aikata muka karɓi yawancin aikin dare domin 'yan ƙasar su samu zuwa wurin iyalansu.